Sunanta a Cikin Baƙin Akwati

Ciniki biyu aka yi a kan kwamfutar nan. Na farko da mai ita aka yi shi, ido da ido. Na biyu kuwa ba ta wurin.

Na farkon ranar Litinin ne da hantsi, a shagon Mai Tabarau, wani ɗan lungu a bayan layin masu gyaran waya, inda matattun kwamfutoci ke jibge har rufi. Matar da ta shigo ana kiranta Sakatariya, domin shekara goma sha tara ta yi tana buga takardu a ofishin wani kamfanin sufuri kafin kamfanin ya durƙushe a sallame su. Ta haura arba'in, mijinta ya rasu, ta dawo gidan uwarta da zama. Da kuɗin sallamarta ta zo, da wata takarda a ninke huɗu a cikin jaka.

Mai Tabarau ya dube ta ta saman gilashinsa, ya ga mace, ya ce a ransa kasuwa ta buɗe. Ya jawo wani akwati mai fitilu shuɗi da ja a gaba, ya shafa shi kamar mai tallan doki.

"Hajiya, ga irin taki. Kina kunna ta ɗaki ya haskaka."

"Malam, ba gidan biki zan buɗe ba. Takardu zan buga." Ta warware takardarta. "Furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, matsakaiciya nake so, irin mai fitar da hoto da kanta, don kada ka sayar min da katin hoto. Ba wasan ƙwallo zan yi da ita ba."

"To."

"Ram mai ba ta sauri, gig takwas, sabo a kwalinsa. Bod ɗin da ake jera su a kai kuma ya zama da gurbin ƙari, in Allah ya hore nan gaba. Ma'ajiya irin ta yanzu, wadda ba ta da faifai mai juyawa. Ƙarama ma ta ishe ni, rubutu ba ya cin wuri. Allo da kibod da firinta ina da su a gida." Ta ɗora yatsa a kan layin ƙarshe. "Nan ne kada ka yi min arha: akwatin wuta, mai raba wa sauran lantarki. Ka rage a ko'ina, ban da nan."

Mai Tabarau ya cire tabaran ya goge da bakin rigarsa. "Wa ya rubuta miki wannan?"

"Shekara sha tara ina zaune kusa da kwamfutoci suna mutuwa. Wanda ya daɗe a asibiti, ko ba likita ba ne, ya san allura."

Ya yi dariya har da buga kanta. Aka taya, aka yi albarka, aka sake tayawa, har aka daidaita. Gangar jikin kuwa, wani baƙin akwati ta zaɓa, marar ado, da ɗan lotsawa a kusurwa. Ta ce akwati riga ce, ita cikin take saya.

Daga nan ya fito da kayan ɗaya bayan ɗaya daga kwalayensu. Ya zaro wani alƙalami mai farin fenti daga bayan kunnensa, ya bi kowanne yana rubutawa: Sakatariya, da kwanan wata.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Hajiya, mutane sai Allah. Sai mutum ya kwaso ƙonannen kayan wani ya dawo min da shi ya ce nawa ne. Tunda na fara sana'ar nan, duk abin da ya fita daga shagon nan da sunan mai shi a jiki. Ruwa ba ya wanke shi."

Ta ji daɗin wannan. Ta ce ranar Alhamis ƙaninta Auta zai zo da babur ya ɗauka.

"Auta mai bidiyo? Ai mutumina ne," in ji Mai Tabarau.

Abin da ya sa take sauri, akwai aiki a hannunta. Shugabar wata makarantar kuɗi ta ba ta takardun jarrabawar makarantar duka, daga ƙaramin aji har babba, ta buga cikin mako uku. Gwaji ne. In ta cika alkawari, aikin makarantar na shekara nata ne, har da na rassanta biyu. Sharaɗi ɗaya matar ta kafa, ta kuma nanata shi: takardun nan ba za su fita daga gidanta ba, ba za su shiga shagon buga takardu na kasuwa ba, domin bara a can tambayoyi suka tsiyaye har yara suna sayar wa juna. Sakatariya ta ce ta ji ta yarda. A kan wannan aikin ta jingina sauran rayuwarta.

Ranar Alhamis da la'asar Auta ya shigo gida yana hon. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da takwas, mai hannu da shiga rai, wanda dariyarsa ke riga shi shiga ɗaki. Tun yana aji uku uban ya rasu, Sakatariya ce ta riƙe karatunsa har ya gama. Ya sauke kwali a ɗakin zaure, inda ta shirya teburinta, ya buɗe. Ba baƙin akwatinta ba ne. Mai fitilun nan ne.

"Auta, ba wannan na zaɓa ba."

"Na sani, Yaya. Na ga wancan kamar akwatin gawa, na ce wallahi yayata ba za ta zauna gaban wannan ba. Na cika daga aljihuna aka canza miki riga. Ciki duk naki ne."

Inna, uwarsu, ta taho tana dafa bango. Ya jona wuta, fitilu suka kama, shuɗi ya bi ja, ja ya bi shuɗi. Inna ta tafa hannu.

"Kin gani ko? Ɗan da kike cewa ba ya tuna kowa. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ke kuma ki ce an gode mana, kin tsaya kina kallonsa kamar ya kawo miki sammaci."

Ta ce an gode. Har ta ji kunyar kanta.

Washegari ta zauna aiki. Ta danna, ta jira. Ta je ta ɗora ruwan shayi, ya tafasa, ta haɗa, ta dawo, kwamfuta ba ta gama buɗe ido ba. Da ta buɗe kuma, sai ta buga layi guda ta tsaya tana kallon haruffa suna fitowa ɗaya ɗaya kamar tsofaffi na hawan bene. A cikin akwatin wani abu na gurnani, ƙirr, ƙirr, ƙat.

Ta kasa kunne. Ma'ajiyar da ta saya ba ta da abin da ke juyawa, to me ke ƙara?

Ta tare Auta a tsakar gida. Ya ce fanka ce. Ya ce sabon abu sai ya saba da wuri, ko sabon takalmi sai ya ciji ƙafa.

A kwana na uku, tana tsakiyar takardar lissafi ta aji shida, wadda ta sha wuyar zane-zanenta tun safe, kwamfuta ta ɗauke ɗif. Da ta dawo, babu komai. Ta sake bugawa. A kwana na biyar ta mutu sau huɗu. Ta koma adanawa bayan kowane layi, ta kuma juye a filash, kowace adanawa kuma sai ta jira kamar mai jiran mota a ranar ruwa. Aikin da a ofis take gamawa kafin azahar, yanzu sai ya kai ta faɗuwar rana bai yi rabi ba.

Ta sake samun Auta. Wannan karon ya ce filash ɗinta ne ya kawo cuta. Da ta ce sabo ne, ya ce wutar gidan ce ba ta da ƙarfi. Da ta ce to ai tasa kwamfutar a wutar gidan take, ya yi murmushi ya dafa kafaɗarta.

"Yaya, kada ki ji haushi. Ke da tafireta kika fara. Kayan yanzu ba a dukansu, lallaɓa su ake yi."

Inna na daga kan tabarma ta ce, "Faɗa mata dai. An yi mata alheri tana neman aibu. In mutum bai iya rawa ba sai ya ce ƙasa ce ta karkace."

Wannan maganar ta fi komai yi mata ciwo, domin ta shige ta. Ta fara tambayar kanta ko shekaru ne suka kama ta. Ko dama kamfanin ba don ya durƙushe kaɗai ya sallame su ba. Ta koma taɓa kibod a hankali kamar mai taɓa ƙwai. Ta sa mayafi ta rufe akwatin don ƙura, ta cire don zafi. Ta sayo sabuwar waya ta jona. Ta kira Mai Tabarau, ya ce yana hanya zai kira ta. Ta sake kira, ya ce ana ruwa ba ya ji. A na uku bai ɗauka ba.

Bayanta ya riƙe. Idanunta suka yi ja saboda zura wa allo ido tana jiran harafi. Abinci sai Inna ta aiko sau biyu kafin ta taso, in ta taso kuma cokali uku ta ture. Shugabar makaranta ta kira a ƙarshen mako na farko, ta ce ina aka kwana. Sakatariya ta ce ana kai. A ƙarshen na biyu ta sake kira, muryarta ta ɗan bushe.

"Malama, na ce miki a kawo min na ƙananan aji in fara dubawa. Ko akwai matsala?"

"Babu, ranki ya daɗe. Jibi in sha Allahu."

A wannan tsakanin kuwa kasuwar Auta ta buɗe. Da can sai ya yi mako yana haɗa bidiyon biki ɗaya, yana zagin kwamfutarsa ana ji har waje. Yanzu kiɗa ne ke tashi daga ɗakinsa tun safe, masu biki na sallama a ƙofar gida, yau ya karɓi aiki jibi ya miƙa. Ya sayo wa Inna turmin zane. Ya sayo wa Sakatariya ma ɗan kwalin maganin ciwon baya. In zai fita, ko nan da bakin titi ne, sai ya datse ɗakinsa da kwaɗo, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce kayan mutane ne a ciki.

Saura kwana biyar alkawarin makaranta ya cika, da misalin sha ɗaya na safe, ta ji ƙauri. Ta yi wuf ta zare waya daga bango. Ta zauna tana kallon akwatin, fitilunsa sun mutu. Sai ta tashi ta ɗauko wuƙar kicin, ta sa bakinta ta kwance kusoshin gefe guda biyu, ta zame murfin.

Ƙura ta fara gani. Ba ƙurar mako biyu ba, ƙura ce da ta kwanta ta yi kauri kamar bargo, ta toshe fanka. Ga tsohuwar ma'ajiya mai faifai, ga akwatin wuta ya yi tsatsa a gefe. Ta kunna fitilar wayarta, ta sa yatsa ta share bayan ma'ajiyar. Farin rubutu ya fito, hannun Mai Tabarau ne. Auta. Da kwanan wata na shekara bakwai da suka wuce.

Ta share ram, Auta. Ta share akwatin wuta, Auta.

Ta san kwanan watan nan. Shekarar da ya shiga babbar makaranta ne, da ya zo yana kuka wai duk ajinsu shi kaɗai ba shi da kwamfuta. Ita ta ba shi kuɗin, daga albashinta na wata biyu. Ashe kyautarta ce ta tsufa aka sa mata sabuwar riga aka dawo mata da ita.

Ba ta yi kuka ba. Ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta nufi layin masu gyaran waya.

Mai Tabarau na ganinta ya fara neman wani abu a ƙarƙashin kanta. Ta ajiye wayarta a gabansa da hoton rubutun.

"Hannun wa ne wannan?"

Ya cire tabarau, ya mayar. "Hajiya, zauna mana."

"A tsaye na yi ciniki da kai, a tsaye zan ji."

"Wallahi shi ya zo da tsohuwar tasa a bayan babur. Ya ce kun yi magana a gida, kin ce aikinki ba ya son ƙarfi, a juya. Ya biya kuɗin akwati da na aiki. Ni me zan ce? Ciki ɗaya kuka fito. In na ce sai na kira ki, ya ce na mai da shi ɓarawo."

"Da na kira ka sau uku fa?"

Ya ce, "Tsakanin harshe da haƙori, Hajiya, ba a sa yatsa." Ya rantse cewa kayanta na nan lafiya a cikin baƙin akwatinta, bai taɓa ko kusa ɗaya ba. In ta kawo, ko jona mata ne zai zo har gida ya yi kyauta. Ta ce ya ba ta aron wata kwamfutar na kwana huɗu. Ya nuna jibgin da ke bayansa ya ce duk gawa ne, masu rai kuma na mutane ne. Tsohuwar kuwa, ya ce faifanta na gargara, ko yau ko gobe.

Ta samu Auta a tsakar gida yana cin abinci, Inna na gefensa tana yi masa fifita da murfin kwano. Ta ajiye murfin akwatin a gabansu, ta ce, "Na buɗe."

Cokalin ya tsaya a hanya. Amma Auta ba a kama shi da rashin magana.

"Yaya, dama ina shirin faɗa miki. Aro na yi, ba ɗauka ba. Duba, rubutu fa kike yi. Rubutu ko a waya ana yi. Ni kuwa bidiyo nake haɗawa, shi ke son ƙarfi. In aka bar miki waccan, kamar an sa babbar mota ɗaukar kaza ɗaya ne. Na ce in yi wata biyu in tara, in haɗa miki wadda ta fi ta."

"Mako biyu kana kallona ina sake buga takarda ɗaya sau uku. Ka ce da tafireta na saba."

"To ai wasa nake miki."

Ta juya wurin uwarta. "Inna, kin ji abin da ɗanki ya yi."

Inna ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da fifita, ko da yake Auta ya daina ci. "Na ji tun ranar da aka kawo ta."

Sakatariya ta dafa igiyar shanya.

"Kin sani?"

"Ya yi shawara da ni, na ce ya yi. Me ya yi zafi? Daga wannan ɗaki zuwa wancan ɗaki, an fita da ita daga gidan ne? Namiji ne, aure zai yi, gida zai riƙe. Ke ci da sha dai ba ki rasa ba. In ya samu, wa ya samu? Ke ce babba, babba kuwa juji ne."

"Har da cewa ban iya rawa ba, Inna?"

"Kada ki tsare ni da ido, ni na haife ki."

Sakatariya ba ta ce a dawo mata da kayanta ba ma. Ta ce abu ɗaya take roƙo: kwana huɗu. A buɗe mata ɗakin ta zauna ta ƙarasa takardun makaranta, ba za ta taɓa bidiyon kowa ba. Cikin gida ne, sharaɗin shugabar bai karye ba. In ta gama, a yi duk yadda za a yi.

Auta ya ce wannan ai ba komai ba ne, yau dai yana da aikin da zai miƙa, gobe da safe ɗaki nata ne.

Washegari da safe babu babur a zaure. Ga kwaɗo a ƙofar ɗakinsa. Ta kira shi, ya ɗauka cikin hayaniya, ya ce wani aikin biki ne ya taso a wani gari, kwana uku, kuɗin da ba a bari. Ya manta mukulli na aljihunsa. Ta yi haƙuri.

Akwai mukulli na biyu. Kowa a gidan ya san yana cikin ƙaramar jakar da Inna ke sa carbi da maganin hawan jini. Sakatariya ta shiga ɗakin uwarta, ta durƙusa har ƙasa, abin da rabonta da yi tun ranar da aka kai ta gidan miji.

"Inna, don Allah."

"Amana ya ba ni. Ya ce akwai bikin mutane a ciki, in abu ya goge shi za a kama."

"Ni ma amanar mutane ce a hannuna."

"Ki lallaɓa waccan mana, ai tana yi. Kwana uku kamar yau ne. In na buɗe ya dawo ya yi fushi ya bar gidan, ke za ki zauna min a matsayinsa? Ni zaman lafiya nake so a gidana."

Inna ta jawo jakar ta tura ƙarƙashin cinyarta.

Sakatariya ta koma zaure. Ta goge ƙurar da tsohon buroshi, ta bar akwatin a buɗe, ta kafa masa fankar ɗaki. Ya yi mata yini ɗaya da rabi, yana yi yana suma. A rana ta biyu da azahar faifan ya yi ƙat, ƙat, ƙat, ya yi shiru. Allo ya yi baƙi da wasu fararen haruffa a sama. Ta kashe ta kunna har sau goma. Fitilun gaba dai na ta wasansu, shuɗi ya bi ja, ja ya bi shuɗi.

Ta tsaya a gaban ƙofar Auta da taɓarya a hannu. Kwaɗon ƙarami ne, duka ɗaya zai yi. Ta ji idon Inna a bayanta ta labule. Ta daɗe a tsaye. Sai ta tuna maƙwabta, ta tuna za a ce 'yar gidan ta fasa ɗakin ƙaninta, uwarsu na kuka. Ta mayar da taɓaryar inda ta ɗauko.

Ranar alkawari ta je makarantar da abin da ta gama, kashi biyu cikin uku, da sauran takardun malamai na rubutun hannu a cikin ambulan, yadda aka ba ta su. Shugabar ta zazzage su a tebur, ta duba waɗanda aka buga, ta daɗe tana dubawa.

"Aikinki ba kuskure ko ɗaya. Ban taɓa ganin mai tsabtarsa ba. Amma jibi yara za su zauna, manyan aji ba su da takarda. Me ya faru?"

"Kwamfutata ce ta lalace."

"Ba kin ce min sabuwa kika haɗa ba?"

Maganar ta zo mata har baki. Amma yaya mutum zai buɗe baki a ofishin mutane ya ce ƙanina ne, da sanin uwata? Ta ce, "Haka Allah ya so."

Shugabar ta biya ta na abin da ta yi, ba ta rage ko kaɗan ba. Ta ce malamai za su rubuta sauran a allo. Game da aikin shekara kuwa, ta ce makaranta ba ta iya jingina da haka Allah ya so. Ta yi mata fatan alheri.

A hanyar dawowa Sakatariya ta biya ta shagon Mai Tabarau. Ya miƙe yana shirin rantsuwa. Ta ce ba wannan ya kawo ta ba, alƙalamin da ke bayan kunnensa take so ya sayar mata. Ya ce ta ɗauka kyauta. Ta ajiye kuɗinsa a kan kanta.

"A'a. Ina so in sayi abu ɗaya a shagon nan da zai isa gida yadda na saye shi."

Da ta shiga gida ba ta cire mayafi ba. Ta fara da firij. A gefensa, da farin fenti, da kyakkyawan rubutun nan nata na ofis, ta rubuta Sakatariya, da shekarar da ta saye shi. Ta wuce kan risho. Ta bi tukwane manya uku. Dutsen guga. Tankin ruwa. Talabijin ɗin falo. Fankar da ke kan Inna. Ba ta taɓa abin da ba ita ta saya ba, sai dai abin da ba ita ta saya ba a gidan nan bai taka kara ya karya ba.

Inna ta biyo ta tana salati. "Ke, lafiyarki? Me kike yi haka? Baƙi za su shigo su ce me?"

"Ba komai, Inna. Duk cikin gida ne, ba a fita da su ba."

A bangon falo akwai takardar shaidar gama karatun Auta a cikin gilashi. Ta sauke ta, ta juya bayanta, ta cire murfin alƙalami. Sakatariya ta dubi bayan katakon na ɗan lokaci, sannan ta rufe alƙalamin, ta mayar da takardar inda take.

"Wannan na bar masa," ta ce.

Auta ya dawo washegari, kwana ukunsa sun zama biyar, da tsarabar lemo. Ya ga gida ya yi fari da suna. Ya yi dariya, ba wanda ya taya shi. Ya ɗauki dutsen guga zai goge riga, ya ga rubutun, ya ajiye. Bayan mako guda ya kama shago a bakin titi, ya ɗora baƙin akwatin a babur ya tafi da shi, wai gida ba ya yi masa sirri. Wata biyun da ya ce sun zama takwas. In aka tuna masa, sai ya ce kasuwa ce ba ta kankama ba.

To, ga yadda cinikin ya tashi. Mai Tabarau ya ci sau biyu a kan kaya ɗaya, har da kuɗin alƙalami. Wani mai shagon buga takardu a bakin kasuwa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ya samu aikin makaranta da rassanta. Auta ya samu kwamfuta, ya samu shago, har an fara maganar aurensa. Inna ta samu zaman lafiyar da ta roƙa: gidan shiru, ba mai ɗaga murya, 'yarta na gaishe ta safe da yamma, ta ajiye mata abinci da magani a kan lokaci, ta koma ɗakinta ta ja ƙofa. Tsohuwar kan zauna ita kaɗai ƙarƙashin fanka mai suna, da mukullin ɗakin da ba komai a cikinsa.

Sakatariya ta rasa kuɗin sallamar shekara goma sha tara, ta rasa aikin, ta rasa abin da ya fi su, wanda ba a haɗa shi a shago. Yanzu tana zuwa shagon mutumin nan na bakin kasuwa, tana buga masa takardu ana biyanta a kan shafi. Takardun jarrabawar makarantar ma ita ke buga su, a kan kwamfutar wani. In ta tashi da yamma, hanyarta ta gaban shagon Auta take bi. Yakan leƙo ya ce, "Yaya, sannu da aiki." Takan ce, "Yawwa, sannu," yadda ake amsa wa maƙwabci, ta wuce. A ƙarƙashin teburinsa baƙin akwatin na aiki lafiya lau, ba ƙara, ba zafi, kamar yadda ta zaɓe shi, da sunanta a kan kowane abu da ke cikinsa.